Gidan da Abokina Ya Saya da Bakinsa

Ɗan Adam ya auna nisan da ke tsakanin ƙasa da rana, ya san zurfin teku, ya yanka shekara gunduwa-gunduwa har zuwa daƙiƙa, an ma ce ya taka wata da takalminsa. Amma har yau ba a haifi masanin da zai tsaya gaban gidan ƙasa mai rijiya da rumbu, ya faɗi kuɗinsa, magada su tashi kowa yana murmushi ba. A ganina wannan ne ilimi na ƙarshe da ya rage wa duniya. Ni na taɓa zama kusa da wanda ya taɓo gefensa, kuma saura ƙiris in bar aikina in bi shi.

Shekaru ne da dama baya, zamanin da siminti ya fara fitowa daga Malbaza, manyan motoci na ratsa Ƙonni da shi muna tsayawa kallo kamar amarya ake kaiwa. A lokacin ni mushe ne, wato malamin boko, a wata lakwal, makarantar firamare, cikin gari. Aikina in koya wa yara yadda famfo biyu ke cika randa ɗaya alhali na uku yana zubar da ruwan, a ajin da kowa daga rijiya ya ɗebo ruwan wankansa. Ina da albashi ƙarshen wata. Ina da farar riga mai aljihu da alƙaluma a jere, wasunsu ma ba sa rubutu. In na bi ta kasuwa ana ce mini, “Mushe, an taso?” Ban san akwai abin da na rasa a duniya ba sai da abokina ya zo ya gaya mini.

Tare muka yi lakwal da shi. Ni nake zuwa na ɗaya, shi kuwa yana can inda muryar malami ke gajiya kafin ta kai ga sunansa. Da muka fita aka tura ni koyon malanta, shi ya bi wani nasara mai awon ƙasa yana ja masa igiyar awo, lokacin da ake auna gonaki da gidaje a Malbaza kafin a kafa masana’antar da muke kira gidan siminti. Nasaran ya koma ƙasarsu ya bar masa igiyar. Ya kuma bar masa ido: abokina ya iya duban gini ya gaya maka abin da ya ci, da sauran kwanan da ya rage masa.

Wata rana cikin babban hutu ya jingine mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, a ƙofar gidanmu, ya shigo zaure, ko zama bai gama yi ba ya ce:

“Mushe, har yaushe za ka ci gaba da cika randar nan taka?”

Na ce, “Har ta cika.”

“Ba ta cika. Saurara ka ji. Da can gida na uba ne, ba a yi mai kuɗɗi. Yanzu hwa? Alhazai na gina na siminti suna kai takardarshi banki. Gwamnati in za ta hidda hanya sai ta biya masu gidaje. Magada kuwa kullum suna gaban alƙali, wanga shi ce an yi tsada, wancan shi ce an yi araha. Dut garin ga babu mutum guda da ba shi saye, ba shi saidawa, aikinshi kawai shi duba shi hwaɗi abin da gida ya kai. Mu buɗe buro, ofis namu na kanmu. Ni in auna, kai ka rubuta da Faransancin nan naka da ko kumandan mai mulkin gari sai ya karanta sau biyu.”

Yabon ƙarshen nan ne ya kama ni, don ban tsaya na tambayi dalilin da zai sa kumandan ya karanta sau biyu ba.

Sai dai buro ba ya buɗuwa da rabin mutum. In zan shiga, sai in ajiye aikin gwamnati da albashinsa, da ɗan abin da ake ba ma’aikaci in ya tsufa. Dole kuma in sanar da shugaban lakwal kafin a koma aji, don a nemo wani a madadina. A wancan zamani kuwa wanda ya fita da ƙafarsa, ƙofar ba ta sake buɗe masa.

Na kai maganar wurin mahaifiyata tana tankaɗe. Ta saurara har na kai aya, ba ta ajiye rariya ba.

“Wato dillanci za ka yi.”

“A’a, Inna. Dillali haɗa mai saye da mai sayarwa yake yi. Mu ba ruwanmu da ciniki, kuɗin gidan kawai za mu faɗa.”

“Wanda ya hwaɗi kuɗɗin abu ai ya taya.”

“Ba tayi ba ne, Inna, ƙiyasi ne. Ilimi ne mai zaman kansa.”

Ta ce, “To, Allah shi sa masu gidajen su ma sun yi lakwal.”

Na yi mata dariya irin ta masu ilimi. Ai kowa ya san dokar kasuwa: mai kaya ba ya fara buɗe baki, mai saye ke tayawa, in bai kai ba a ce masa albarka, in ya kai a ce an sallama, daga nan kuma ko sarki bai isa ya tada cinikin ba. Amma wannan dokar akuya ce da buhun wake. Mu kimiyya za mu yi.

Duk da haka na yanke shawara irin ta masu hankali, wato na ƙi yanke shawara. Na ce wa abokina sai na ga aiki ɗaya da idona tukuna.

Aikin bai yi wuyar samuwa ba. Akwai wata mata mai sayar da tuwo a bakin gidan siminti, wadda abokina ya saba ci wurinta tun yana jan igiya. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gida, ita da wanta su kaɗai. Wan yana cikin gidan da iyalinsa, shi zai riƙe, ya fitar mata da rabonta. Dattawan unguwa sun zauna sun yi wa gidan kuɗi yadda aka saba tun kaka da kakanni: aka ƙirga azara da ƙyamare, aka ɗan ƙara don rijiya. Matar ta ce ba ta yarda ba, a kira mata mai igiya. Liman ya ce a kira shi, in dai za a huta.

Muka hau mobilet da hantsi muka nufi Malbaza, hatsi ya yi kai a gonaki hagu da dama, ni a baya rungume da igiya.

Abin da na gani ranar nan shi ne karo na farko da na ga abokina yana abin da ya fi ni iyawa, kuma na tarar ban ji haushi ba. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa kusa, kamar mai zaɓen tukunya. Ya hau kan turmi ya soka wuƙa a azara ya ga ko gara ta riga shi. Ya hau soro ya duba inda ruwa ke kwanciya. Ya ja guga ya kurɓi ruwan rijiyar, ya juya shi a baki. Sannan ya fita waje ya bar gidan gaba ɗaya, ya shiga maƙwabta yana gaisawa, yana tambayar abin da leburorin gidan siminti ke biya na hayar ɗaki, da yadda suke rububin samu. Ni aikina riƙe bakin igiya da rubuta abin da aka ce in rubuta, kuma na yi shi da kwarjini.

Wan matar yana biye da mu. Ƙaton mutum ne, manomi, mai kai wake tsallaken iyaka, muryarsa kamar ana buga ganga cikin rijiya.

“Samari, ku auna da kyau hwa, kada gidan shi ƙaru da dare ba ku sani ba.”

Da ya ga abokina na kurɓar ruwan rijiya ya ce, “Sha ka ƙoshi, yaro, wanga kyauta ne.”

Bayan azahar aka zauna a zaure: liman, dattawa, wan, da mu. Matar tana daga bayan ƙyauren cikin gida, ba a ganinta amma ba wanda ya manta tana nan. Liman ya yi addu’a ya ce, “To, samari, mi kunka gani?”

Abokina ya yi bayani a natse. Bangon gabas ya ci ruwa, sai an sake yaɓe. Azara lafiya lau, ta giginya ce. Rijiya ba gishiri. Sannan ya ce ɗakunan da ke kallon hanya, in aka fasa musu ƙofa ta waje, ba za su kwana ba mai haya ba, don garin ya cika da baƙi kuma ba raguwa za su yi ba. Daga nan ya faɗi kuɗin. Ba zan maimaita adadin ba, don kuɗin wancan zamani in an faɗe su yau yara dariya suke yi. Ya dai ninka abin da dattawa suka sa, har da ɗori.

Daga bayan ƙyaure muka ji an ce, “Madalla da igiya!”

Wan ya bushe da dariya, ya juya wajen liman. “Allah gafarta Malam, ka ji ko? Tuwo ya yi magana.” Ya dubi abokina. “Da miyar kuka ta saye ka, yaro, ko da ta kuɓewa?”

“Yaya,” in ji ƙyaure, “shi da kuɗɗinshi shika cin tuwona, ba kamar wasu ba!”

Dattawa suka sunkuyar da kai suna gyaran murya. Wan ya daina dariya. Ya gyara zama, ya matso.

“Yaro, tambaya guda. Kuɗɗin ga da ka hwaɗi, gaskiya ce ko iska?”

“Gaskiya ce, Baba.”

“Kai da kanka, za ka iya ba da su ga gidan ga?”

“Ya kai, Baba. Zan iya.”

“To, na sallama maka.” Ya miƙo hannu. “Malam shaida, dattawa shaida. Ya taya, na sallama.”

Nan take na gane tarkon. Mutumin ba sayar da gidan ubansa yake so ba. So yake abokina ya yi in’ina, ya ce ai ba haka yake nufi ba, sai a ce kun gani, ko shi da ya faɗa bai yarda da kuɗin ba. Daga nan a koma kan na dattawa, matar ta tashi da rabin haƙƙinta, buronmu kuma ya mutu tun ba a raɗa masa suna ba. Na ga lokaci ya yi da ilimi zai ceci jama’a. Na gyara murya na ce, “A gaskiya, a ilmance, akwai bambanci babba tsakanin tayi da…”

“Mushe, ba cikin aji muke ba,” in ji wan.

Idona ya tafi ƙofar zaure, ya auna nisan da ke tsakanina da mobilet. Awon da na yi da kaina ke nan duk ranar, kuma ba da igiya ba.

Liman mutum ne mai tausayi. Ya fara tambayar ƙyaure ko ita ma ta sallama, aka ce masa, “Tun bai ruhe baki ba na sallama!” Sai ya dubi abokina ya sassauta murya. “Ɗana, in da wasa cikin maganarka, hwaɗi yanzu. Ba abin kunya ba ne, yaro na tuntuɓe.”

Abokina ya ɗauki igiyar awonsa ya naɗe ta a hankali har ƙarshe, ya ajiye gefe. Sannan ya kama hannun da ke miƙe.

“Na saya. Allah shi sa muna albarka.”

Na dubi fuskar wan. Kamar mutumin da ya jefa guga rijiya ya ga igiyar ta bi ta. Liman ya ce ciniki ya faɗa, aka shafa fatiha, aka ba abokina zuwa kasuwa ta sama ya kawo kuɗi.

A hanyar komawa na yi masa darasi mai kyau, wanda aka hana ni yi a zaure, da gabatarwa da misalai. Iska na kwashe rabi. Da na gaji ya ce:

“Mushe, in na ce ba haka nika nuhi ba, gobe dut gidan da na yi ma kuɗɗi za a ce maganar mai igiya ce, ko shi ba ya sayenta. Kuma ka ji matar can. Haƙƙinta ne.”

“Kana da kuɗin?”

“A’a.”

“To?”

“Riƙe ni da kyau, akwai rami.”

Mobilet ɗin aka fara sayarwa. Sai bijiman da yake kiwo wurin wani Bafillace. Sai ɗan filin da ya saya kusa da tasha, inda za a kafa buron. Matarsa ta kora tumakinta kasuwa ba tare da ya roƙe ta ba, tana tafe tana faɗa, amma ta kora. Duk a gaggauce aka sayar, masu saye kuwa suna jin ƙanshin gaggawa tun daga nesa. Ni bai tambaye ni komai ba. Na yi masa tayin kekena da irin muryar da ake yi wa baƙo tayin abinci in tuwon saura kaɗan. Ya ce, “Bar kekenka. Mushe ba keke ai ɗan lakwal ne.”

Ranar da aka sa muka hau bayan motar siminti da ke komawa ba kaya, muka isa fari fat kamar an tono mu. Aka biya gaban liman, aka raba. Matar ta karɓi nata ta ɗaure a bakin zane, ta ce wa abokina daga yau tuwonsa da nama. Wan ya zauna da nasa a gabansa bai taɓa ba. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, “Yaushe zan tashi?”

Abokina ya ce, “Haba Baba. Zamna har ka yi girbi, har bayan girbi ma. Ba ni da gaggawa.”

Da nufin alheri ya faɗa, amma da ya kore shi da sanda da ya fi masa sauƙi. Mutumin da cibiyarsa ke binne a bayan ɗaki ya wayi gari yana kwana gidan wani. Malbaza kuwa ba ta bar shi ya manta ba. In ya shiga kasuwa a ce, “Sannu da baƙunta.” In ya fito masallaci a ce, “A gaida maigidanka.” Aka ce har wani abokin wasansa ya tambaye shi ko an ba shi izinin ɗiban ruwa a rijiyar.

A Ƙonni kuma abokina ne abin dariya. Masu kangaye suka yi ta aiko masa ya zo ya yi wa nasu kuɗi. Wani ma ya aiko a duba masa wani kufai da akuyoyi suka ƙi kwana. Mahaifiyata ba ta ce “na gaya maka” ba, ta dai riƙa tambayata lafiyar kimiyya safe da yamma. Ni a zuciyata na riga na gama: ba za ni ba. Har ina jin daɗin kaina, ina ganin hankalina ne ya tsirar da ni.

Ana saura kaɗan a koma aji, wata ranar kasuwa muna zaune a zaurenmu da abokina, wanda yanzu da ƙafa yake zuwa, sai ga sallama. Wan matar ne, da liman a bayansa. Aka shimfiɗa tabarma. Ya gaishe mu, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi lafiyar yaran lakwal da ko ɗaya bai sani ba. Da gaisuwa ta ƙare ba sauran inda za a ɓuya, sai ya ce:

“Na ji an ce kana da gida Malbaza.”

“Ina da shi, Baba.”

“Na saidawa ne?”

“Kowane gida na saidawa ne in an kai kuɗɗinshi. Taya.”

Yanzu shi ne mai saye, shi zai fara buɗe baki. Ya faɗi kuɗin dattawa.

“Albarka.”

Ya ƙara kaɗan.

“Albarka.”

Ya ƙara, ya kawo maganar bangon gabas da ya ci ruwa, wanda daga bakin abokina ya fara jin labarinsa. Albarka. Ya cire hula ya share gumi. Na ga yana zagaye adadin nan kamar mai zagaye kare a ƙofar gida; ya fi son komai da ya furta kuɗin da ya kira iska gaban jama’a. Sai ya yi abin da ban zata ba: ya tsallake shi. Ya faɗi wani adadi can sama, wanda zai dawo da mobilet da bijimai da tumaki har a yi canji. Na sa yatsa na tsunkuli ƙafar abokina ta ƙarƙashin riga.

“Albarka,” in ji abokina.

Mutumin ya miƙe tsaye rabi. “Yaro, kashe ni za ka yi? Wallahi ko dala ba ni da ita bisa wanga! Gidan ubana ne!”

“Ba haka ba ne, Baba. Ka wuce. Gidan bai kai haka ba. Koma baya.”

Liman ne ya fara motsi, ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ya ce tun da yake shaidar ciniki bai taɓa jin an ce albarka don kuɗi sun yi yawa ba.

Wan ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon abokina. Sannan da ƙaramar murya, wadda ban san yana da ita ba, ya faɗi adadin nan daidai, ba ragi ba ƙari.

“Na sallama,” in ji abokina.

Suka yi hannu. Da za su tafi mutumin ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa liman, amma don mu ji, “Malam, in na mutu, wanga za a kira ma ɗiyana ga rabon gado.”

Bayan sun fita mahaifiyata ta leƙo da kwanon fura. Duk abin da aka yi tana bayan bango. Na bari abokina ya sha ya tafi, sannan na ce, “Inna, kin ji?”

“Na ji. Wanga mutum ne.”

Zuciyata a lokacin ta sake juyawa, ina jin zan iya bin abokina har bangon duniya. Na ce, “To in bi shi ke nan?”

“Na ce shi mutum ne. Kai mushe ne. Allah bai yi kuskure ga ko ɗayanku ba.”

Na yi kwanaki ina neman inda maganar ta karkace ban samu ba. Lissafin na iya shi, rubutun na fi shi. Amma sana’ar tana da wani sashe da ba a rubutawa, wato mutum ya yarda a ɗora masa maganarsa a ka ya ɗauka. Na tambayi kaina, da ni aka miƙo wa hannun nan a zaure, me zan yi? Amsar ba ta ɓuya ba. Bayani zan yi. Da a ce ni aka yi wa tayin nan na sama kuwa, da tuni na sallama har da godiya, na kuma samo dalili mai kyau daga baya, don dalilai ba sa yi mini wuya.

Na je na gaya masa ba zan bar lakwal ba. Na shirya jawabi, bai bari na fara ba.

“Na sani, Mushe. Tun ranar da ka dubi ƙohwa.”

Kunya ta kama ni. “Ashe ka gani.”

“Na gani. Ni ma na dube ta. Kai ne ka tare hanya.”

Aka koma aji na koma tare da yara. Abokina ya buɗe buronsa shi kaɗai, cikin wata rumfa da suka raba da wani tela, don filin ya riga ya tafi, kuma kuɗin da suka dawo ba su iya sayo abin da gaggawa ta sayar ba. Ya daɗe yana tafiya a ƙasa. Gudummawata ita ce allon da aka rataya a ƙofa, ni na rubuta shi da hannuna, kuma har yau ina ganin ba a yi allo mai kyansa a layin ba.

Labarin ya riga shi zuwa ko’ina. Daga Illela har Alela, in rabon gado ya cije sai a ce a kira wanda ya ce albarka. Ba wanda ya sake gwada sallama masa gida, don an san zai saya. Haka ya yi ta aiki har gashinsa ya yi fari. Ya sha yin kuskure kamar kowa, amma ban taɓa jin an ce an saye shi ba, ko da tuwo ko da abin da ya fi tuwo.

Ni ma ashe ƙiyasi nake yi duk rayuwata. Yaro ya kawo aikinsa, in duba in sa masa maki, in wuce. Bambancin kawai, ba a taɓa miƙo mini hannu an ce na sallama maka ba. Tun daga shekarar nan, duk takardar da zan sa wa maki sai in ɗan dakata in tambayi kaina ko zan saya a haka. Hakan ya sa na rage wa wasu, na ƙara wa wasu, kuma ba ɓangaren da ya gode.

Wani lokaci ana tambayata ko na yi nadamar ƙin binsa. Nakan ce a’a, kuma yawanci gaskiya nake faɗa. Abin da ya rage mini shi ne daɗin cewa ina wurin. Na karanta labaran manyan mutane da yawa a littattafai, masu yaƙi da masu mulki, amma girma na ido da ido sau ɗaya na gan shi, a kan tabarmar zaurenmu, a bakin mutumin da ba shi da ko abin hawa, yana ce wa kuɗi su koma baya.

Ladan awon da muka yi ranar nan kuwa, ba a biya mu ba. Matar ta ce a tambayi wanta, shi ya ci gida. Wan ya ce shi tun da yake bai taɓa jin inda aka ba mai saye la’ada ba.